Malam Ma Ɗalibi Ne: Darasi a Kan Taron Bidiyo da Horon Malamai

Darasin wannan fitowa ya samo asali ne daga wani abu da muka gani da idonmu a zangon karatu da ya wuce.

Wata ranar Laraba bayan an tashi, mu 'yan shara muka tsaya mu gyara aji. Da muka je zubar da shara bayan makaranta, sai muka hangi malaminmu na lissafi zaune a gindin dogon yaro, wurin da kowa ya san nan ne sabis ya fi kamawa. Ya jingina wayarsa da dutse a kan benci, ya toshe kunne da abin sauraro, littafi a cinya, yana ta rubutu da sauri. Can sai muka ga ya ɗaga hannu sama, daidai yadda muke yi idan muna neman izinin magana. Dariya ta kama mu, muka ɓoye bayan katanga.

Washegari wata a cikinmu ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malam, jiya wa kuke ɗaga wa hannu, alhali ku kaɗai ne a gindin bishiya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ni ma aji nake. Malamar da ke koya mana tana wani gari mai nisa, mu ɗalibanta kuma kowa yana garinsu. Waya ce ta tara mu."

Daga nan ne ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta ce lallai sai mun binciko wannan irin aji da ba shi da bango ba shi da rufi. Ga abin da muka koyo.

Mene ne taron bidiyo?

Taron bidiyo shi ne mutane su haɗu ta intanet a lokaci guda, suna ganin juna suna jin juna, alhali kowa yana inda yake. Ana yin sa da waya mai kyamara ko da kwamfuta, ta hanyar manhaja irin su Zoom da Google Meet da WhatsApp. Wanda ya kira taron yakan turo mahaɗi, kai kuma ka latsa ka shiga. Kana shiga za ka ga fuskar wayar ta rabu gida-gida, kowane gida da fuskar mutum ɗaya. Mai koyarwa yana iya nuna rubutu ko hoto kowa ya gani, kamar dai ya rubuta a allo. Akwai wurin rubuta tambaya, akwai kuma alamar ɗaga hannu da ake latsawa. Malam ya ce shi mantawa yake yi da alamar, sai ya ɗaga na gaske.

Wani injiniya mai suna Eric Yuan ne ya kafa kamfanin Zoom a Amurka a shekarar 2011. Mutane da yawa ba su san shi ba sai da cutar korona ta zo. A watan Disamba na 2019, masu shiga taro ta Zoom a rana ba su wuce miliyan 10 ba. Kafin ƙarshen Afrilu na 2020 sun kai miliyan 300. A nan Najeriya an rufe makarantu a watan Maris na 2020, a watan Mayu kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya, wato shugaban ƙasa da ministocinsa, ta fara zamanta ta bidiyo. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Yaya hoto da murya suke tafiya?

Wannan sashe ya shafi darasinmu na kimiyya da fasaha, don haka a kula da kyau. Bidiyo hotuna ne da yawa da ake jerawa da sauri. Kyamara takan ɗauki hoto har kusan 30 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido yake ganin kamar motsi. Makirufo kuma yana ɗaukar murya. Sai waya ta mayar da hoton da muryar lambobi, ta yayyanka su ƙananan ƙunshi, ta aika su ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga can su bi ta wasu ƙarafan da wayoyin gilashi da aka binne a ƙasa, wani lokaci har ta ƙarƙashin teku daga Legas, su isa manyan kwamfutocin kamfanin, sannan a rarraba su ga sauran 'yan taro. Wayar kowa sai ta sake harhaɗa su. Duk wannan tafiya ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba.

Mu ɗauka an aiko buhun gero daga Gummi, amma aka raba shi mudu-mudu, kowane mudu aka ba ɗan acaɓa daban. Idan duk sun iso a kan lokaci, buhu ya cika. Idan wasu sun maƙale a hanya, buhu ya yi giɓi. To haka yake idan sabis ya yi rauni: wasu ƙunshin ba sa isowa, sai fuskar mai magana ta daskare baki buɗe, murya ta riƙa yankewa.

Me ya sa malami yake komawa karatu?

Da yawanmu mun ɗauka malami ya gama karatu tun ranar da ya karɓi takardarsa. Ashe ba haka ba ne. Mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita a Najeriya ita ce NCE, wadda ake samu bayan shekara uku a kwalejin ilimi. A jiharmu akwai Kwalejin Ilimi ta Maru, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda mata ke karatu a cikinta. Bayan an gama, sai hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, ta yi wa mutum jarrabawa, kuma tun 2017 a kan kwamfuta ake yin ta. Ke nan wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana iya sanin amsa amma ya rasa yadda zai ba da ita.

Ko bayan an fara aiki, manhajar karatu tana canzawa, dabarun koyarwa ma haka. Ilimi kansa yana ƙaruwa. Mu mutanen Yargalma mun fi kowa sanin tsadar ilimin da ya iso a makare. A shekarar 2010, kafin a haifi yawancinmu, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, har da garin nan. Sai da likitocin ƙungiyar MSF da sauran masana suka zo aka gano ƙurar dutsen ce. Yau malamin kimiyya da ya san wannan sosai zai iya koya wa yara saba'in a zama ɗaya, su kuma su kai gida. Duk abin da ya shiga kan malami ɗaya, gari guda ya shiga.

Karatu daga nesa ba yau aka fara ba

A shekarar 1976 aka fara shirin ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, wato UPE. Yara suka cika makarantu, ƙwararrun malamai suka yi kaɗan. A wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Akan ba shi littattafan da aka tsara don mai karatu shi kaɗai, ya karanta a gida, ya je cibiya a ƙarshen mako da lokacin hutu. Daga 1990 har NCE ake yi ta wannan hanya. Wasu daga cikin dattawan malamanmu ta nan suka bi.

Kusa da zamaninmu kuma, a 2013, an fara wani shirin bunƙasa malamai mai suna TDP da tallafin gwamnatin Birtaniya, a jihohin Jigawa da Katsina da Zamfara. A shirin an ba malaman firamare wayoyin hannu ɗauke da bidiyon darussa. Malami zai kunna ya ga wani malami ɗan uwansa yana koyarwa a aji irin nasa, ya tsayar, ya maimaita, ya gwada gobe. Har laƙabi aka yi wa wayar, wai mai horarwa na cikin aljihu. Lokaci-lokaci kuma malaman makarantun da ke kusa da juna sukan haɗu su tattauna abin da suka gwada. A riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

A watan Maris na 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai darussa ga ɗalibai da malamai, wasu ma da Hausa.

Amfaninsa a wurinmu

Idan aka kira malaminmu bita a Gusau, sai ya fita babbar hanya, ya bi ta Anka, ya kai Mayanci, ya wuce Maru da Bunguɗu. Kuɗin mota ne, kuɗin abinci ne, wani lokaci har da na makwanci. Bitar kwana uku takan ci mako guda, mu kuma a bar mu da monita yana rubuta sunan masu surutu. Ga babban abin da ba sai mun faɗa ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Ranar da malami ya hau mota, iyalinsa ba sa samun natsuwa sai ya kira ya ce ya sauka lafiya. Malamai mata kuma, musamman masu goyo, sau da yawa haƙura suke yi da bitar gaba ɗaya.

Taron bidiyo yana rage duk wannan. Malam ya koyar da mu da safe, ya yi nasa karatun da yamma, ya kwana a gidansa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Yanzu ga shi ilimin ne yake yin tafiyar, malam yana zaune a gindin dogon yaro.

Duwatsun murhu uku

Amma kada mu yi saurin tafi. Tukunya ba ta zama a murhu sai da duwatsu uku. Taron bidiyo ma haka.

Dutse na farko wuta. Bidiyo yana shan batir fiye da kiran waya nesa ba kusa ba. Mu kuwa yawancinmu a shagon mai caji ko da ɗan faifan sola muke cika waya. Malam ya ce ranar taro tun safe yake kashe wayarsa don ta kai shi yamma.

Dutse na biyu sabis. Idan alamar da ke saman waya ta nuna 2G, kira da saƙo kawai za a iya. Bidiyo yana son 3G mai ƙarfi, ya fi son 4G. Shi ya sa ake neman tudu ko gindin wata bishiya.

Dutse na uku data. Awa ɗaya ta bidiyo tana iya cinye rabin gigabait, ko ma fiye da guda idan hoton ya fito tas. Idan aka kashe kyamara aka bar murya kaɗai, abin yana raguwa sosai. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma yana yankewa bayan minti 40, sai an sake shiga. Datar kuma sau da yawa daga albashin malami take fita.

Mun taɓa ganin ranar da dutse ɗaya ya fita. A ranar 1 ga Satumba 2021 aka sace ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, watanni shida bayan na Jangebe. Gwamnati ta rufe makarantu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda aikin tsaro. An mayar wa Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da maidowa. Lokacin muna firamare, amma muna tune da yadda manya suke ba direba wasiƙa, wasu har su tsallaka wata jiha don kiran waya ɗaya. A daidai lokacin da makaranta take rufe, aka fi buƙatar karatu daga nesa, a lokacin ne babu ko layi ɗaya na sabis. A waɗannan watanni Zoom bai amfani kowa a nan ba. Rediyo kuwa ya ci gaba da magana, bidiyon da ke cikin katin memori ma ya ci gaba da kunnuwa.

Kai tsaye ko na ajiye?

Daga nan muka gane cewa karatun bidiyo iri biyu ne, kowanne da ranarsa.

Na kai tsaye shi ne taron da ake yi a lokaci guda. Amfaninsa shi ne ana tambaya a ba da amsa nan take, malamai su ji matsalolin juna. Aibinsa, idan sabis ya yanke minti biyar, abin da aka faɗa ya wuce ka.

Na ajiye shi ne wanda aka ɗauka aka sa a waya ko memori, irin na shirin TDP. Ba ya buƙatar sabis, ana kallonsa sau goma, ana tura wa wani ta Bluetooth ko Xender ba tare da data ba. Aibinsa, ba ka iya tambayarsa. Ko ka ɗaga hannu ba zai kula ka ba.

A ganinmu, wuri irin namu haɗa biyun ya fi. A turo bidiyo da rubutu tun da wuri, malami ya sauke ranar da ya shiga Bukkuyum ko Anka, ya kalla a natse. Sannan a yi ɗan gajeren taro na tambaya da amsa, ko da murya kaɗai. Wanda bai samu shiga ba a turo masa abin da aka ɗauka.

Abin da ya shigo ajinmu

Ga sashen da ya fi mana daɗi. Mako biyu bayan ranar dogon yaro, Malam ya shigo aji ya jingina wayarsa a taga ta baya, ya ce kada kowa ya kula ta. Ashe aikin gida aka ba su: kowa ya ɗauki kansa yana koyarwa na minti goma, ya kalla, ya ƙirga sau nawa ya yi tambaya da kuma wa ya tambaya. Wannan dabara tsohuwa ce. An fara ta a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, kuma har yau ana koya wa ɗaliban kwalejin ilimi ita kafin su fita gwajin koyarwa. Bambancin kawai, da sai da babbar na'ura a ɗaki na musamman, yanzu kuwa wayar aljihu ta isa.

Washegari ya faɗa mana abin da ya gani, bai ɓoye ba. Ya ce, "Tambaya tara na yi. Takwas duk a layi biyu na gaba suka tsaya. Ban kira mace ko ɗaya ba. Kuma kusan rabin lokacin allo nake fuskanta, ku kuna kallon ƙeyata." Ya ce shekara da shekaru yana koyarwa bai taɓa lura ba. Gani ya kori ji.

Tun daga ranar abubuwa suka canza. Ya rubuta sunayenmu a guntayen kara ya zuba a gwangwani, wanda ya zaro shi zai amsa. Bayan ya yi tambaya yakan ɗan jira kafin ya zaro, don kowa ya yi tunani. Da muka zo darasin kashi-kashi, ya raba mu rukuni, ya ba kowane rukuni karan dawa ɗaya. Muka karya shi biyu, muka sake karya kowane rabi, muka ga da idonmu cewa kashi biyu cikin huɗu daidai yake da rabi. Wata 'yar ajinmu da ke zama a layin ƙarshe, wadda tun aji ɗaya ba mu taɓa jin muryarta a lissafi ba, ita ce ta fito ta yi bayanin a allo. Aji ya ɗauki tafi.

A lura da kyau. Ajinmu ba shi da majigi, ba shi da kwamfuta, ko soket babu. Alli ne da allo da kara. Waya ta tsaya a taga, abin da ta koya wa Malam ne ya shigo ciki. Don haka idan aka ce makaranta kaza ta samu na'urori, tambayar da ta dace ita ce, me ya canza ga yaron da ke layin baya? Na'urar da aka kulle a kabad don tsoron kada ta lalace ba ta ƙara wa kowa komai ba.

Ladubban taron bidiyo

Wata rana mu ma za mu shiga irin wannan taro, don haka mu haddace waɗannan:

1. A cika batir, a gwada sabis da mahaɗi kafin lokaci.
2. A rufe makirufo idan ba a magana, don kada kukan akuya ko sautin daka ya cika taro.
3. A fuskanci haske. Idan taga tana bayanka, inuwa kawai za a gani.
4. A sa sunan gaskiya, a yi shiga ta mutunci.
5. Idan sabis ya yi rauni, a kashe kyamara a bar murya.
6. A riƙe biro da littafi. Kallo kaɗai ba karatu ba ne.
7. Kada a ɗauki hoton kowa ko a yaɗa shi ba da izininsa ba. Malam ma sai da ya nemi izinin shugaban makaranta kafin ya ɗauke mu, kuma ya ajiye wayar ta bayanmu ne don kada fuskokinmu su fito.
8. Kada a ba baƙo lambar sirri, kada a latsa mahaɗin da ba a san wanda ya turo shi ba.

Roƙonmu

A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Muna roƙon duk masu ruwa da tsaki, idan ana lissafin gini da kujeru, a tuna da karatun malami. Faifan sola ɗaya da batir a ofishin malamai zai cika wayoyinsu duka. Wanda ya shirya bita ta bidiyo ya haɗa da kuɗin data, ya kuma tanadi na ajiye saboda mu na ƙauye. Kwamitin iyaye da malamai ma zai iya sa hannu, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu malamai, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, wanda ya halarci bita ya ba sauran labari. Mu kuma ɗalibai, idan muka ga malami a gindin dogon yaro da abin sauraro a kunne, mu ja ƙwallonmu zuwa can gefe. Aji ake yi.

Auna fahimtarka

1. Mene ne taron bidiyo? Kawo sunan manhaja biyu da ake yin sa da su.
2. Me ke sa hoto ya daskare a tsakiyar taro?
3. A wace shekara aka kafa NTI, kuma a wane gari?
4. Faɗi duwatsun murhu uku na taron bidiyo.
5. Kawo bambanci biyu tsakanin bidiyon kai tsaye da na ajiye.
6. Idan malami yana da data gigabait 3, kuma kowace awa tana cin rabin gigabait, taron awa nawa zai iya halarta?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka a fitowa ta gaba. Muna godiya ga malaminmu na lissafi da ya yarda mu ba da labarinsa, har da na ƙeya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Mu huta lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, Aji Biyu na Ƙaramar Sakandare